Gargaɗi kan wani dillalin jiragen ruwa a Las Palmas, a Tsibiran Kanari

Yuro 9,000 na tura wa wannan mutumin a matsayin kafin alƙalami, kuma har yau idan na tuna yadda ya ɗora hannunsa a kan jikin jirgin yana ce mini "wannan ya ƙetara Atlantika sau biyu", sai in ji kunya ta rufe ni. Ba baƙon teku ba ne ni. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a jiragen dakon kaya, kuma da guminta na tara kuɗin nan domin in mallaki jirgi mai tafiya da iska wanda zai ɗauke ni daga Tsibiran Kanari zuwa Karebiyan, tafiyar da ta kai kusan mil 2,700 na teku.

Ya rantse mini cewa jirgin yana rukunin A na ƙa'idar Tarayyar Turai, wato wanda aka ƙera domin jure iskar da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin Beaufort da raƙuman ruwa masu tsayin mita 4 ko fiye. Hoton farantin maƙerin, wato ɗan allon da ake liƙa wa jirgi mai nuna rukuninsa, da ya aiko mini ta WhatsApp ma haka ya nuna. Ashe na wani jirgin ne. Farantin gaskiya, wanda aka rufe da matashin zama, C ne aka rubuta a kansa, rukunin da iyakarsa mataki na 6 da raƙuman mita 2 a kusa da gaɓa.

Kafin wannan ma, ko kuwa bayansa ne, domin kwanakin sun cakuɗe mini, na nemi a ɗaga jirgin daga ruwa, ya ce ba a samu layi a wurin ɗaga jirage ba, kuma wani Bajamushe yana jira da kuɗi a hannu. A daren nan na tura Yuro 9,000. Da aka ɗaga shi daga baya da kuɗina, mai binciken da na ɗauko ya kankare fentin da ke wurin da kil, wato ƙarfen nauyin da ke hana jirgi kifewa, ya haɗu da cikin jirgin, sai ga tsaguwa an cike ta da ƙwaɓi, ruwan tsatsa yana tsiyaya daga kusoshin. Duk wanda ya san labarin jirgin Cheeki Rafiki, wanda kil ɗinsa ya ɓalle a Atlantika a 2014 mutum huɗu suka halaka, ya san abin da na gani a ranar.

Wasu sun ce gaggawa ce ta ci ni, alhali sau uku na shiga jirgin nan, na duba inji, na duba igiyoyi. Yanzu lambar dillalin ba ta shiga, Yuro 9,000 kuma sun tafi. Zan sa hotunan hirarmu da rasit ɗin banki da zarar lauya ya ba ni izini. Kada ku biya ko sisi sai an ɗaga jirgi kun ga ƙarƙashinsa, kuma ku karanta farantin da idonku.