Sa ido kan illar maganin ƙwari a gandun daji: me hukuma za ta saya, me za ta bari?

Duk hukumar da aka damƙa wa kula da gandun daji, ko dausayi, ko tafkin da tsuntsaye ke sauka, ba makawa wata rana za a tambaye ta: feshin da ake yi a gonakin da ke kewaye yana shigowa ciki? Idan yana shigowa, me yake yi wa dabbobin? Da zarar an ware kuɗin neman amsa, sai 'yan kwangila su yi caa, kowa da kundin hotunan na'urorinsa. Abin da ya fi jan hankalin shugabanni shi ne babbar na'urar ɗakin gwaji, domin ita ce ake yi wa bikin buɗewa a ɗauki hoto. A ganina ita ya kamata ta zo ƙarshe a jerin sayayya, in ma za a saye ta.

Abu na farko da ake buƙata takarda ce, ba ƙarfe ba: me ake fesawa, a ina, a wane wata. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wa manoma kai rahoton duk maganin da suka fesa tun 1990, shi ya sa mai bincike a can yakan san abin da zai nema tun kafin ya taka bakin rafi. Inda babu irin wannan doka, sai a bi dillalai da masu feshi da malaman gona a tattara sunaye. Dalilin mai sauƙi ne. Ɗakin gwaji abin da aka ce ya nema kawai yake samu, kuma kowane magani da maɓoyarsa. Dangin niyonikotinoid suna narkewa su bi ruwa. Dangin fairitiroid laka suke maƙalewa, don haka wanda ya tsaya kan ruwan sama-sama zai iya dawowa hannu rabbana. Dangin oganofosfet sukan lalace da wuri, amma suna barin alama a jini da ƙwaƙwalwar dabba. Tsohon maganin ƙwarin nan DDT da 'yan uwansa kitse da ƙwai suke taruwa, gubar ɓera mai hana jini daskarewa kuma hanta. Gilaifoset, maganin ciyawar da ya fi kowanne yaɗuwa a duniya, ba ya fitowa a gwajin gama-gari da ake yi wa ɗaruruwan magunguna a lokaci guda, sai an biya masa nasa gwajin daban. Wanda bai san wannan ba zai karɓi takardar sakamako tas, ya yi murna a banza.

A wajen ruwa ne aka fi asarar kuɗi, don haka bari mu daɗe a nan. Hanyar da kowa ya sani ita ce ma'aikaci ya je da kwalbar gilashi mai duhu, ya ɗebo ruwa, ya sa a ƙanƙara, ya kai ɗakin gwaji cikin 'yan kwanaki. Ba ta da tsada, kotu na karɓar sakamakonta, kuma tana ba da adadi ƙarara. Aibinta ɗaya ne, amma babba: maganin gona ba ya zama a rafi yana jiran mai kwalba. Ruwan sama ne ke wanko shi daga gona, ya cika rafin na 'yan sa'o'i, ya wuce. Mai zuwa ranar ɗaya ga kowane wata tamkar maigadi ne da ke zagaya gida da tsakar rana yana neman ɓarawon dare. Masu bincike na cibiyar Eawag a Suwizalan sun girke ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka a bakin wani ƙaramin rafi yana auna ruwan kowane minti 20, suka ga cewa ƙololuwar wasu magunguna kan ninka abin da gwajin da aka saba ke nunawa fiye da sau ɗari. A Jamus kuma, a 2018 da 2019, an bi ƙananan rafuka sama da 100 da na'urar da ke ɗiban ruwa da kanta idan rafi ya tashi bayan ruwan sama. A kashi 81 cikin ɗari na rafukan an haura iyakar da hukuma ta ɗauka ba ta da illa.

To, na'urar da ke ɗiba da kanta ɗin fa? Idan damuwarku kwararar ruwa daga gona ce, babu wadda ta kai ta. Sai dai tana son batir mai kyau, tana son wanda zai garzaya ya kwaso kwalaben washegarin ruwan ko da hanya ta lalace, kuma ɓarayi da ambaliya duk suna sonta. Akwai ƙanwarta ta talaka: a ɗaure kwalabe a jikin turke, kowace a tsayi daban, ruwa ya cika su da kansa idan ya taso. Ba ta faɗin ƙarfe nawa abin ya faru, amma tana kama shi, kuma idan aka sace ta ba za a yi kuka ba.

Zaɓi na uku shi ne tarkon da ake bari a cikin ruwa yana tsotsar magani a hankali. Wanda aka fi sani, POCIS, masana hukumar binciken ƙasa ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi. Akwai kuma Chemcatcher daga Jami'ar Portsmouth ta Ingila. Idan ka riƙe POCIS a hannu, zobba biyu ne na ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi, a tsakaninsu fata biyu sirara, a cikin fatar kuma ɗan gari mai kama magani. Ana sa shi a keji mai huji-huji, a nutsar, a dawo bayan mako biyu zuwa huɗu a tarar da shi ya yi gansakuka. Duk abin da ya bi ta wurin a tsawon wannan lokaci ya bar sawu. Da irin waɗannan tarkuna Ostireliya ta daɗe tana bibiyar magungunan ciyawa irin su diyuron da atrazin da ke gangarowa daga gonakin rake zuwa babban shingen murjani na gaɓar Kwinslan. Ga wurin da ke da nisa, wanda ba a iya zuwa kullum, ni shi zan fara saya. Amma a san iyakarsa: matsakaici yake bayarwa, ba ƙololuwa ba, kuma mayar da abin da ya tsotsa zuwa adadi a kowace lita ƙiyasi ne da saurin ruwa da zafinsa ke canzawa. POCIS na magungunan da ke narkewa a ruwa ne. Masu son kitse kamar DDT sai wani nau'in, na roba ko na mai. Ɗan kwangilar da ya ce tarko ɗaya zai kama komai, ku sallame shi.

Sai batun ɗakin gwaji: a saya ko a yi haya? Na'urorin da ake kira LC-MS/MS da GC-MS su ne ke iya gano magani a ma'aunin nanogiram, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Kuɗin sayensu shi ne ƙaramin ɓangare. Suna cin wutar da ba ta ɗaukewa, da iskar gas mai tsabta, da tsantsar kowane magani da za a gwada da shi, da kwangilar gyara, da ƙwararren da idan ya samu aiki mafi tsoka ya tafi sai na'urar ta zama kayan ado. Hukumar da samfuranta ba su kai su riƙe na'urar tana aiki duk shekara ba, gara ta aika wa ɗakin gwajin da ke da shaidar ƙwarewar gwaji ta ƙasa da ƙasa, wato ISO/IEC 17025. Ko a nan a buɗe ido, don shaidar ba ta komai da komai ba ce. A nemi a ga jerin gwaje-gwajen da ta ƙunsa. Wanda aka amince wa gwada tumatir ba lallai ne an amince masa gwada laka ko hantar mujiya ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wajen zaɓar ɗakin gwaji ita ce: mene ne mafi ƙanƙantar adadin da kuke iya gani? A Holan, wani bincike na 2014 ya nuna cewa inda imidakulofirid, maganin ƙwari na dangin niyonikotinoid, ya haura nanogiram 20 a litar ruwa, tsuntsaye masu cin ƙwari na raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. Yanzu a ce ɗakin gwajinku ba ya ganin abin da ya gaza nanogiram 100. Zai rubuto muku "ba a samu ba", alhali ruwan na iya ɗauke da ninki huɗu na abin da ya isa ya yi ɓarna. Wasu fairitiroid ma suna kashe ƙananan halittun ruwa a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kalmar "ba a samu ba" da babu adadi a gefenta ba sakamako ba ce, kuma ita ce ke shiga rahoton shekara ta wanke kowa.

Ƙananan akwatunan gwajin gaggawa na ELISA kuwa, amfaninsu tacewa ne: magani ɗaya ko dangi ɗaya suke gani, sukan rikita 'yan uwa masu kama, amma suna nuna waɗanne kwalabe ne suka cancanci a biya musu babban gwaji. Jirgi mara matuƙi da hoton tauraron ɗan'adam suna nuna inda gona ta matso kan iyaka da inda ciyayi suka ƙone, ba sa ganin magani. Don gane ko iska na kwaso feshi, akwai 'yar takarda rawaya da ke yin ɗigo-ɗigon shuɗi idan raɓar feshi ta taɓa ta. A jera ta a kan sanduna daga bakin gona zuwa cikin daji, ta wadatar.

Duk waɗannan suna faɗin ko magani ya zo. Ko ya yi illa, wannan sai an tambayi dabbobin kansu, kuma a nan ne kasafi ya fi yin rowa. A rafi, hanya mafi araha ita ce 'yar raga da faranti da madubin ƙara girma. Tsarin SPEAR da aka fitar a Jamus a 2005 yana duba wace irin tsutsa da ƙwaron ruwa suka rage: idan masu laushin jiki, masu jinkirin haihuwa sun ɓace, masu taurin kai kaɗai suka saura, to magani ya bi ta nan ko da kwalba ba ta kama shi ba. Sharaɗinsa a samu wanda ya san halittun yankin, domin jerin Turai ba zai hau kowane rafi na duniya ba sai an gyara. A tudu kuma akwai tarkon Malaise, ɗan tanti na raga da ke kora ƙwari masu tashi zuwa cikin kwalbar sinadari. Da shi ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta garin Krefeld a Jamus ta tara bayanin da aka wallafa a 2017, cewa nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da kashi 76 cikin ɗari a shekara 27, a wurare 63 da doka ta kare. Binciken bai tabbatar da musabbabi ba, dole a faɗi wannan. Amma da aka zo daga baya aka gwada sinadarin kwalaben tarko daga wuraren kariya 21, an samu magungunan gona iri 47 a jikin ƙwarin.

Mushe ma shaida ne, in an iya ɗaukarsa. Birtaniya tana da tsarin binciken mutuwar namun daji da ake zargin guba, Faransa tana da nata mai suna SAGIR tun 1986, kuma dukkansu sun dogara ne da mutanen da ke yawo a daji su kai rahoto. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: safar hannu, takardar alminiyam, jaka mai lamba, akwatin ƙanƙara, firjin da ba ya mutuwa, da takardar da ke nuna hannun da mushen ya bi tun daga daji har ɗakin gwaji, saboda ranar shari'a. Gaggawa ce jarin, don zafi da dila da ungulu ba sa jira. Idan ana zargin oganofosfet ko maganin ƙwari na kabofuran, akwai gwaji mai sauƙi na kolinestares, sinadarin jikin dabba da waɗannan gubobi ke danne wa. A ƙwaƙwalwar tsuntsu, raguwar kashi 20 cikin ɗari alama ce ta cewa ya haɗu da gubar, kashi 50 zuwa sama kuma ana ɗauka ita ta kashe shi. Sai dai dole a san adadin lafiyayyen tsuntsu na wannan jinsi, in ba haka ba babu abin kwatantawa.

Na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam tana da tsada, ba kowa ke buƙatarta ba, amma ga tsuntsun da ke ƙaura tana iya tona abin da babu kwalbar da za ta tona. Ita ta kai masu bincike daga Kalifoniya har filayen Ajantina, inda aka tarar da shahon Swainson na zubewa bayan cin farar da aka fesa wa maganin ƙwari na monokurotofos. An ƙiyasta kusan 20,000 sun mutu tsakanin 1995 da 1996. Da a gidan hayayyafarsu kaɗai aka tsaya, sai dai a ga suna raguwa a rasa dalili.

Idan kuɗin kaɗan ne, ga yadda zan raba shi. Bayanin feshi tukuna. Sai tarkunan ruwa da kwalaben turke a mashigar ruwa, tare da laka sau ɗaya ko biyu a shekara. Sai ƙidayar ƙwari da tsuntsaye a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, a lokaci ɗaya kowace shekara, haɗe da wani wuri makamanci da feshi ba ya kaiwa domin kwatance. Sai firji da horar da ma'aikatan daji. Gwaji a ba wa ɗakin waje. Ƙaramin shiri da zai kai shekara goma ya fi babba da zai mutu a ta biyu, domin ƙwari da tsuntsaye suna hawa da sauka da yanayi, kuma shekara biyu ba ta isa a bambance fari da guba.

A takardar kwangila kuma a rubuta ƙarara cewa ɗanyen sakamako mallakar hukuma ne, ba taƙaitaccen rahoto kaɗai ba. Cewa kowane magani za a rubuta mafi ƙanƙantar adadin da ake iya gani a gefensa. Cewa za a riƙa cusa kwalbar ruwa mai tsabta da kwalbar tagwaye, wato samfur ɗaya da aka raba biyu, a ɓoye cikin samfura domin a gwada ɗakin gwajin shi ma. Kuma cewa rabin kowane samfur na nama da ƙwai da laka zai zauna a firji da lamba da kwanan wata. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Masanin tsuntsaye Derek Ratcliffe ya gano a 1967 cewa ɓawon ƙwan shaho a Birtaniya ya fara sirancewa daidai lokacin da DDT ya shigo ne saboda ya samu tsofaffin ƙwai da aka adana tun shekaru da dama kafin nan, ya auna su ya kwatanta. Maganin da za a zarga nan da shekara ashirin wataƙila yau ba ya cikin jerin kowane ɗakin gwaji, don haka a sa kuɗin wutar firjin da na injin ko-ta-kwana a kasafin kowace shekara tun daga ta farko.