Gargaɗi ga masu a-kori-kura a Sakkwato game da wani mai sauya agogon mota

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin masu tsofaffin motocin a-kori-kura, musamman Toyota Hilux da Peugeot 504 da ke jigilar albasa da hatsi tsakanin birnin Sakkwato da Wurno da Goronyo da Illela, saboda wani mutum da ke tallar agogon mota, wato allon allurai da fitilu da ke gaban direba, a Facebook da zaurukan WhatsApp ya damfare ni, kuma na tabbatar ba ni kaɗai ya taɓa ba. Ba zan ambaci sunansa ba, domin magana tana hannun hukuma, kuma sunan ma sauya shi yake yi kamar yadda yake sauya lambar waya. Salon damfarar ne bai taɓa sauyawa ba.

Motata Hilux ce mai shan fetur, mai injin 22R. Allurar gudu ta daɗe da mutuwa, ta mai kuma tana rawa, amma allurar zafi lafiyarta ƙalau, kuma da ita na yi shekaru ina lura da injin. Sai na ga tallar cikakken agogo wanda aka ce ɗan Beljiyam ne, mai allurar juyin inji da ta ƙarfin baƙin mai, tare da alkawarin cewa cirewa kawai za a yi a saka, ba tare da an yanke waya ko ɗaya ba. Mun daidaita a kan naira 95,000, aka rage mini naira 15,000 bisa sharaɗin zan ba da tsohon agogona musaya, na kuma tura naira 40,000 kafin alƙalami. Da na lura sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, sai ya ce, "Alhaji, kada ka damu, na yaron shagona ne." Bayan kwana huɗu ya turo wani yaro da kayan, yaron ya ƙi yarda mu je gareji, ya ce sauri yake yi kada motar Kano ta tashi ta bar shi, ya ɗaura agogon a ƙofar gidana dab da magariba. Fitilu suka kama, allurai suka tashi, na cika kuɗi, ya saka tsohon agogona a buhu ya tafi.

Kwana tara bayan haka, ina dawowa daga Goronyo da lodin albasa da tsakar rana, tiyon lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye ban sani ba, domin allurar zafi tana nan daram a tsakiya. Sai da motar ta rasa ƙarfi, ƙauri ya cika gaban mota, sannan na tsaya. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da yakan haura digiri 40 a inuwa, ya san injin da ba ruwa ba ya jimawa. Kan silindar 22R na alminiyom ne a kan gangar jiki ta ƙarfe, saboda haka gasket ya ƙone, kan silindar ya lanƙwashe, abin da na kashe wajen gyara kuma ya ninka kuɗin agogon sau da yawa, ban da albasar da ta kwana a bakin hanya.

Mai wayarin ɗin da ya buɗe agogon ne ya nuna mini yadda aka yi mini kallon kitse a rogo. A ƙa'ida, allurar zafi tana karɓar saƙo ne daga wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin injin inda ruwa yake wucewa, wadda turjiyarta ga lantarki take raguwa yayin da ruwan yake ƙara zafi, shi ya sa allurar take hawa a hankali. A motata an yanke wayar da ta taso daga wannan na'ura an naɗe ta da baƙin salatif, aka kuma liƙa wani ɗan resisto a bayan agogon, wanda aikinsa kawai shi ne ya kai allurar tsakiya da zarar an murɗa makulli, ko injin yana da sanyi ko yana tafasa. Agogon ma na Hilux mai shan gas ne, wato dizal, domin mun tarar da alamar fitilar hita, wadda motar gas kaɗai ke da ita, an rufe ta da salatif daga ciki. Wannan ne dalilin da ya sa allurar juyin injin ba ta taɓa faɗin gaskiya ba, tun da motar fetur daga kwayil take ɗaukar wannan saƙo, ita kuwa motar gas ba ta da kwayil, daga altaneto ko daga wata na'ura ta daban take ɗauka. Allurar baƙin mai kuwa ta riga ta ƙone tun daren farko, saboda an haɗa ta da makunnin da aka yi domin fitilar gargaɗi kawai, alhali allura tana buƙatar tata na'urar awon ta musamman, kuma duk mai wayarin da ya saba da tsofaffin Toyota ya san wannan haɗi yana ƙona ta. Allurar gudu ce kaɗai take aiki da gaske, domin kebul ne yake juya ta daga giyabos, kuma ita ce ta ɗauke mini hankali daga sauran.

Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Motata, kamar yawancin motocinmu a nan, an daɗe da cire mata tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan injin, saboda haka tsohuwar allurar takan zauna ƙasa da tsakiya da safe, ta ɗan hau idan an yi lodi ko an shiga yashi. Allurar da ta kwana tara ba ta gusa daga wuri ɗaya ba ya kamata ta tayar mini da hankali, amma sai na ɗauka ingancin sabon kaya ne.

Gwajin da zai tona asirin wannan aiki ba ya cin minti biyar, kuma dole ne a yi shi kafin a cika kuɗi. Da sassafe, kafin a tayar da injin, a murɗa makulli a dubi allurar zafi: idan ta tashi zuwa tsakiya alhali injin ya kwana da sanyi, an yi mata dabara. Bayan injin ya yi zafi, a zare wayar da ke kan na'urar awon zafin, allurar ta faɗo ƙasa. A taɓa wayar da jikin injin na ɗan lokaci kaɗan, allurar ta nufi sama, amma kada a daɗe domin hakan yana iya ƙona ta. Allurar mai ma tana da nata sharaɗin, domin fulotin tanki da agogo sai sun yi magana da harshe ɗaya. Na tsofaffin Toyota yana ba da turjiyar lantarki ta kusan om 110 idan tanki ba kome, kusan om 3 idan ya cika, yayin da na tsofaffin motocin GM na Amurka yake tashi daga 0 zuwa 90, wato a juye yake, shi ya sa agogon da bai dace ba yake nuna tanki cike a lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Masu Peugeot 504 su kula da fitilar batir ta musamman, domin a motoci da yawa ta cikin wannan ƙwan fitila altaneto yake samun ɗan lantarkin da zai fara caji da shi, kuma idan aka cire ƙwan ko aka yanke wayarsa, mota tana iya daina caji ba tare da wata alama ba. Idan kuma agogon daga Amurka ya fito, a duba ko da mil yake ƙirga, domin mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, wanda ya ga 60 a kansa ya kusa gudun kilomita 100 ke nan.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne musayar. Tsohon agogona na asali ne, ɗan gyara kawai yake buƙata, kuma mai wayarin ya ce irinsa ne ake wankewa a sayar wa wani da tsada. Saboda haka kada kowa ya saki tsohon agogonsa sai sabon ya yi mako biyu yana aiki, kada a yarda a ɗaura shi a ƙofar gida da duhu, a kai motar wurin mai wayarin da aka sani, kuma kada a tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai sayarwa.

Wanda abin ya riga ya shafa ya adana rasit na tura kuɗin da hotunan hirarsu da shi kansa agogon, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke nan Sakkwato. Dokar zamba ta shekarar 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Mutum biyu da suka ga motata a gareji sun ce irin wannan yaro ne ya ɗaura musu nasu, kuma da aka buɗe na ɗayansu an sami irin wannan resisto a daidai wurin da aka sami nawa.

A makon jiya na sake ganin tallar a wani zauren WhatsApp na direbobi, da sabon suna da sabuwar lamba, amma hoton bai sauya ba: agogon yana ajiye a kan jan bargo, da ɗan tsagu a kusurwar gilashinsa ta hagu.