Kwamfireson AC na Hilux: sabo ko ɗan Beljiyam?

Ɗan'uwa, ka ce AC ɗin Hilux ɗinka ƙirar 2010 ya daina sanyi, mai gyara ya ce kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin AC, ya mutu, kana tambaya ko ka sayi sabo ko ɗan Beljiyam. To, kafin a je kasuwa a tabbatar da mutuwar tukuna, domin sau da yawa ana cire kwamfireso lafiyayye alhali laifin yana wani wuri.

Ka tayar da mota, ka kunna AC, ka ɗaga bonet ka dubi fuskar kwamfireson. Pulin da bel ke ja kullum cikin juyawa yake, amma farantin da ke gabansa, wato kuloci, sai an kunna AC yake yin ƙwas ya kama. In bai kama ba, a fara da fiyus da rile, a sa mita a ga ko wuta tana isa kwayil, wato naɗin wayar da ke jawo farantin. Ƙarancin gas ma yana hana shi kamawa, don akwai na'urar da ke yanke wutar idan matsi ya faɗi. Sai tazarar da ke tsakanin farantin da puli, wadda ba ta wuce kamar rabin milimita ba. In ta buɗe saboda cinyewa, za ka ji sanyi da safe, da rana ta take sai ya saki. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne, ba sa kai ka ga sayen kwamfireso.

Idan kuloci yana kamawa, a ɗaura geji, wato agogon auna matsin gas. Mai lafiya yakan nuna wajen 25 zuwa 40 psi a ɓangaren ƙaramin matsi, babban kuma wajen 200, ya ɗan haura a zafin Afrilu. Wanda ya gaji kuwa, ƙaramin ya hau, babban ya sauko, alluran biyu suna neman haɗuwa. In an ga haka a cire shi, a tsiyayo mansa a kan farar takarda. Wannan man shi zai gaya maka girman aikin: ko garau yake, ko ya yi baƙi da ƙyallin garin ƙarfe a ciki.

Yanzu ga zaɓin. Sabo iri biyu ne a kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna. Akwai Denso na asali, irin wanda Toyota ke ɗaurawa tun daga masana'anta, akwai kuma kwaikwayo mai sheƙi a kwali mai kyau. Na asalin yana zuwa da bakunansa a toshe, da mai tsabtatacce, babu wanda ya taɓa wahalar da shi. Tsadarsa kaɗai ce matsala. Kwaikwayon arha ne, wani ya yi aiki, wani ya fara kuka kafin bazara ta wuce, kuma da ido ba ka gane wanda ka ɗauka.

Ɗan Beljiyam yawanci na asali ne, ƙarfensa mai kyau, kuɗinsa da sauƙi. Abin da ba ka sani ba shi ne tarihinsa. Man kwamfireso da ke cikinsa, wanda ake kira PAG, yana shan laimar iska da sauri, ga ƙurar hunturu, don haka wanda aka jibge a shago bakunansa a buɗe ya riga ya fara lalacewa tun kafin ya hau motarka. In shi za ka saya, je da mai gyaranka. A juya farantin da hannu a ji yana tafiya sumul, a ɗora babban yatsa a bakin fitar gas a ji yana turo iska, a taɓa wayar kwayil da batir a ji ƙwas, a duba bayan farantin ko akwai jiƙewar mai, sannan a tsiyayo man a gani. Ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka miƙa kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaura kowannensu a kan datti. In tsohon ya zubar da garin ƙarfe, garin yana cikin tiyo da bawul mai daidaita shigar gas da kondensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, kuma hanyoyin kondensar zamani sirara ne ƙwarai, wanki ba ya fitar da shi. Da an kunna sai ya dawo ya cinye wanda aka saka, sabo ne ko tsoho. Dole a canza kondensa da bawul da diraya, wato matatar da ke tsotse laima, a wanke sauran tiyon. Ko man garau yake, a canza diraya. A auna man da za a zuba, irin ND-OIL 8, domin yawansa yana rage sanyi, ƙarancinsa yana ƙona kwamfireso. A zuƙe iska da inji na aƙalla minti 30, a rufe a ga ko allura za ta motsa, sannan a zuba gas R134a bisa nauyin da ke rubuce a takardar da ke ƙarƙashin bonet. Don Allah kada ka yarda a sa maka R22 na AC ɗin gida, matsinsa ya fi ƙarfin motar, ko R600a na firji, wanda ke kama wuta.

A ganina, in motar ta neman abinci ce, tana doguwar tafiya, ka daure ka sayi Denso sabo daga dilan da aka sani. In aljihu bai kai ba, ɗan Beljiyam da ya tsallake gwajin nan, haɗe da sabuwar kondensa da diraya, ya fi sabon kwaikwayo a kan tsohuwar kondensa nesa ba kusa ba. Ka fara sa a tsiyayo man tsohon, ka gaya mana launinsa, daga nan za mu san jerin abin da za ka sayo.