Keken feda a filin golf: sharhin wanda ya yi kakar wasa a kan sirdinsa

Idan filin da kake wasa shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa busasshiya, gwiwoyinka kuma lafiya lau, keken feda ya fi 'yar motar golf sauri, ya fi ta arha, ya kuma fi ta daɗi. Da zarar ɗaya cikin ukun nan ya kuskure, lissafin ya canza. Abin da na fito da shi ke nan bayan na shafe lokacin zafin bana ina hayarsa a wani filin hukumar birni da ke gefen Denba, a jihar Kolorado ta Amurka.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, keke ne mai taya biyu, amma ba irin na titi ba. Tayoyinsa ƙanana ne, inci 20, masu faɗi, kuma ba su da manyan haƙoran nan na keken hawa duwatsu, don kada su tone ciyawa. An sauke ƙarfen tsakiya ƙasa sosai yadda ba sai ka wurga ƙafa ta baya ba kafin ka hau. Dole ma a yi shi haka, tunda bayan cike yake da sanduna a tsaitsaye. Siraran jakunkuna biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu da tayar baya, su ke ɗaukar sanduna 14 da dokar wasa ta yarda ɗan wasa ya riƙe. Tsakaninsu akwai 'yar jaka ta ƙwallaye da safar hannu da gorar ruwa. Wanda na riƙa hawa giya shida gare shi. Ba batir, ba inji, sai ƙarfin cinya.

Irin wannan keke ya fara leƙowa filayen Amurka ne a tsakiyar shekarun 2010. Filin Vail da ke cikin tsaunukan Kolorado da na Kierland a Arizona suna cikin waɗanda suka fara ba da hayarsa. Har yau bai yaɗu ba, domin mota ta riga ta cinye kasuwar. Tun da kamfanin E-Z-GO ya fara ƙera 'yan motocin golf a garin Ogasta na jihar Jojiya a 1954, golf ɗin Amurka ya koma na zaune, har ta kai an gina filaye da yawa a tsakiyar unguwanni, inda daga wannan rami zuwa wurin bugun farko na rami na gaba sai ka ratsa bayan gidaje ka tsallaka titi. Mai tafiya a ƙasa a irin waɗannan filaye wahala yake sha. A nan keken ya fara burge ni, don tazarar da kan cinye wa mai ƙafa minti biyar, kafin ka gama gyara zama a sirdi ka wuce ta.

Amma ainihin saurinsa ba daga gudu yake ba. 'Yar mota ta fi shi gudu nesa ba kusa ba. Matsalar mota ita ce mutum biyu take ɗauka, ƙwallaye biyu kuwa ba sa faɗuwa wuri guda. Taka ta tafi dama cikin bishiyoyi, ta abokinka ta tafi hagu bakin ramin yashi. Sai ku je wajen tasa, ka zauna kana kallonsa yana auna tazara, yana canza sanda, yana gwada lilo, sannan ku juyo wajen taka, shi ma ya zauna yana kallonka. Haka za ku yi ta saƙa da warwara har rami na 18. A kan keke kowa ƙwallonsa yake dosa kai tsaye da dukan sandunansa a bayansa. Kafin abokin wasanka ya buga, kai ka riga ka isa, ka duba kwanciyar ƙwallo, ka zaɓi sanda. Dokokin da aka sabunta a 2019 sun ƙarfafa cewa wanda ya shirya ya buga, ba sai an jira wanda ya fi nisa da rami ba, sun kuma rage lokacin neman ƙwallon da ya ɓata daga minti 5 zuwa 3. Duka biyun mai keke suka yi wa daɗi, domin yana isa inda ƙwallon ta faɗa tun idonsa bai manta da wurin ba.

Ranar da na fita da sassafe a tsakiyar mako, ba kowa a gabana, nakan gama ramuka 18 cikin ƙasa da awa uku ba tare da na yi gaggawa ba. Wanda ya saba da awa huɗu da wani abu ya san wannan ba ƙaramar rangwame ba ce. Ranar Asabar kuwa duk saurin nan na banza ne. Mutum huɗun da ke gabanka su ke yanke maka lokaci, abin da keken ya ƙara maka kawai shi ne ka riga kowa zuwa wurin jira.

Sai batun inda aka yarda ka taka. 'Yar mota mai batirin dalma takan kai kilo 400 tun kafin mutum biyu da jakunkunansu su hau, shi ya sa masu kula da ciyawa ke kafa mata dokoki. Wata rana a ce ka bi hanyar siminti sai ka zo daidai ƙwallonka sannan ka karya ka shiga ciyawa, ka buga, ka dawo ta inda ka shiga. Bayan ruwan sama kuwa a ce kada ta sauka daga siminti sam, sai ka kwashi sanduna uku a hannu ka taka zuwa ƙwallo, ka tarar ta huɗun da ka bari ita kake bukata. A filin da nake wasa, keke bin dokar kurar turawa yake yi, wato 'yar kurar da mai tafiya a ƙasa ke ɗora jakar sandunansa a kai. Ina kai shi har gefen lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, in kafe shi ta ɓangaren da zan fita zuwa rami na gaba. Na sha waiwayawa in duba sawunsa a busasshiyar ciyawa, da ƙyar ake gani. A jiƙaƙƙiya yakan bar siririn layi, musamman in ka danne birkin baya a gangare taya ta ja. Wannan sai an kiyaye, don in mai kula da fili ya ga irin wannan zane sau biyu, ba kai kaɗai zai hana ba, keken zai hana gaba ɗaya.

Yanzu ga inda yake cizo. Tuƙa keke a ciyawa ba ɗaya yake da tuƙa shi a kwalta ba, ciyawa riƙe taya take yi, ko da an aske ta. A shimfiɗaɗɗen wuri ba ka ji sosai. A hawa, da nauyin sanduna a baya, cinya takan yi zafi tun ba ka kai rabi ba. Denba kuma tana kan tudun mita 1,609 daga matakin teku, iskar shaƙa ba ta da kauri. Wannan siririyar iska ita ke sa ƙwallo ta ƙara nisa, kowane baƙo yana murna da hakan, amma ita ce kuma ke sa ka iso saman tudu kana haki. Bugun nesa bai cika damuwa da haki ba. Tura ƙwallo ta taku biyu zuwa rami kuwa natsuwar hannu yake so, kuma hannun da zuciya ke bugawa a cikinsa fat-fat ba ya natsuwa. Akwai ramuka biyu a filin da aka ɗora bakinsu a kan tudu, a nan na fi zubar da bugun da bai kamata ya zube ba. Dabarar da ta yi min amfani ita ce in sauka tun daga gindin tudun in tura keken a hankali, in kuma ja numfashi yayin da sauran ke duba hanyar da ƙwallonsu za ta bi zuwa rami. Hannu ma yakan ɗan sage daga riƙon kan keke a wuri mai gargada, sai ka yarfe shi kafin ka kama sanda.

Masu tallar irin wannan keke suna yawan jingina shi da motsa jiki. Da gaskiyarsu, in da mota ake gwada shi. In da tafiyar ƙasa ce, a'a. Mai taka ramuka 18 yakan yi kilomita 8 ko fiye, kuma keke, ko a ina, an yi shi ne don ya rage wa mutum ƙarfin da tafiya ke ci. Ranar da na yi wasa da kurar turawa nakan koma gida a gajiye tiɓis, ƙafafu na zugi. Ranar keke kuwa gajiyar a cinya take tsayawa, kuma ina iya ƙara ramuka tara da yamma. Wanda likita ya ce ya riƙa tattaki kada ya ruɗi kansa da cewa keken ya biya masa.

Ƙananan abubuwan da suka dame ni suna da ɗan yawa. Jakarka ba ta hawa, sai ka zare sanduna ɗaya bayan ɗaya ka jera a jakunkunan keken, ka kwashe tarkacen aljihunanta, in an gama ka sake mayarwa. Aljihun keken ba ya ɗaukar rigar ruwa da laima da abin taɓawa a lokaci guda, sai ka zaɓa. Ƙarfen kafewa yana nutsewa a ƙasa mai laushi, in kuma ka kafe a karkace, nauyin sanduna na sama yakan rinjaye shi. Ya taɓa kifewa a gefen wani ramin yashi, sandunan suka watse. Ba abin da ya karye, amma ƙarar ta sa wani da ke shirin bugu ya ɗago ya harare ni. Kekunan haya kuma, kamar duk kayan haya, sai ka duba kafin ka karɓa: na sha samun wanda giyarsa ke tsalle, ko wanda sirdinsa ke zamewa ƙasa ana cikin tafiya.

Sai tsidau. Ƙayar nan da muka sani a gida, mai ƙahoni, ta cika yammacin Amurka, kuma ba abin da masu keke a nan suka tsana kamarta. A tsakiyar fili babu ita, amma a busassun gefuna inda ba a ban ruwa tana nan a shimfiɗe, can ne kuma ƙwallon ɗan wasa irina take yawan zuwa yawo. Taya ta sace min a can ƙarshen fili, wurin da ya fi ko'ina nisa da ofis, sai da na buga waya aka kawo wani. Tun daga nan in ƙwallo ta shiga irin wannan wuri, a bakin kore nake kafe keken in ƙarasa da ƙafa.

Rufi ma babu. A Yuli da Agusta hadari kan taso daga tsaunuka da rana tsaka, wani lokaci har da ƙanƙara. Rufin 'yar mota ba ya kare kowa daga tsawa, amma yana tare ƙanƙara da zafin rana. In aka busa jiniyar gargaɗi, mai keke ya fi mai ƙafa saurin isa mafaka, iyakar fa'idarsa ke nan.

Akwai wani dattijo ɗan gida da muke wasa tare, wanda gwiwa ta daɗe tana damunsa. Na lallashe shi ya gwada, ya yi ramuka kaɗan ya sauka. Ya ce, "Ƙanena, tuƙin ba shi ne matsala ba. Hawa da saukar nan ce, kowane bugu sai ka hau ka sauka." Na ce, "Yaya, ai an sauke ƙarfen tsakiyar." Ya ce, "An sauke ƙarfe, ba a sauke shekaru ba." Ya koma motarsa. Ga irinsu mota ba gata ba ce. Ko a matakin ƙwararru sai da Casey Martin, mai larurar jijiyoyin jini a ƙafa, ya kai ƙarar PGA Tour, hukumar da ke shirya gasannin ƙwararru, shari'ar ta je har Kotun Ƙolin Amurka, a 2001 ta yanke cewa yana da haƙƙin hawa mota a gasa. Abin da na rasa bayan ya koma motar shi ne hira. A mota kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, ana siyasar gida ana tsokana. A keke kowa na can wajen ƙwallonsa, sai a bakin rami ake haɗuwa, inda kuma ake son shiru. Akwai masu ƙera na taya huɗu mai ɗaukar mutum biyu, kowa na tuƙa fedarsa. Wannan ya dawo da hira, amma ya dawo da saƙa da warwarar mota, ya ƙara nauyi, ya kuma bar ku da tudu. Ban ga ribar ba.

A Kaduna na fara riƙe sandar golf, kuma can wannan tambaya ba ta ma tasowa, don akwai kadi. Shi ke ɗaukar jaka, shi ke ganin inda ƙwallo ta faɗa, shi ke ce maka "Yallaɓai, ajiye wannan, ɗauki ta bakwai." Da yawa cikin gwanayen 'yan wasan Najeriya daga ɗaukar jaka suka taso. Ƙasar rani mai tauri za ta yi wa keke daɗin gudu, amma ba zan so in ga an sauya kadi da jakunkuna biyu a kan kariya ba. A Amurka ne, inda kadi ya zama na manyan kulob masu tsada, keken ya sami gurbi.

Saye ko haya? Haya. A filin da nake zuwa kuɗin hayarsa bai kai na kujera ɗaya a mota ba, gyara da faci kuma nasu ne. In ka sayi naka, za ka tarar filaye da yawa ba za su bar ka ka shiga da shi ba. Wasu su ce inshora, wasu su ce ciyawa, amma kowa ya san hayar mota na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin filayen nan, ba wanda ke ɗokin ganin ka zo da abin hawanka daga gida. Ko inda suka yarda, sai ka sa hannu a takardar cewa in ka faɗi kai ka jiyo. Ga shi kuma da jakunkunansa ba ya shiga but ɗin ƙaramar mota, sai ka ɗaura masa maratayi a baya. Wanda ke son gwadawa ya buga wa filin waya tun da wuri ya tambaya ko suna da shi, ya kuma sa a ajiye masa, domin inda suke da su ma 'yan kaɗan ne, kuma masu fitowa da asuba ne ke fara kwashe masu lafiyayyar giya.