Rigar ceto mai lamba 100N: abin da na gani bayan damina guda a ruwan Yauri

Ni ɗan kasuwar busasshen kifi ne, kuma rabin sana'ata a kan ruwa nake yin ta, tsakanin Yauri da ƙauyukan da ke tsallaken kogin Neja. Kafin faɗuwar damina na sayi rigar ceto ta soso, ruwan lemu, a wani shagon kayan kamun kifi. Abokan tafiya suna yawan tambayata ko ta cancanci kuɗinta. Amsata ita ce ta cancanta, amma ba kowace riga da aka rataya a shago ce za ta ceci rai ba.

Iri biyu mai shagon ya ajiye. Ɗaya mai araha ce, marar nauyi, babu wuya, babu wani rubutu a jikinta sai girman riga. Ɗayar, wadda na ɗauka, ta kusa ninka ta a kuɗi, kuma a cikinta an buga 100N da ISO 12402, wato lambar ƙa'idar ingancin rigunan ceto ta duniya. Lambar 100N ɗin ita ce ƙarfin da rigar ke ɗaga mutum da shi a ruwa, kusan kilo 10 ke nan, kuma ya isa, domin ruwa da kansa yana ɗauke yawancin nauyin jiki. Akwai 50N, wadda aka yi don wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa. Akwai 150N, wadda aka ƙera ta yadda za ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Tawa tana tsakiya: ta ruwan kogi da tafki ce, inda babu manyan igiyoyi irin na teku.

Ban yarda da rubutu kaɗai ba. Na shiga ruwa iya ƙirji a bakin mashaya, wani ɗan Sarkawa yana tsaye kusa da ni, na ɗage ƙafafuna na saki jiki. Ta kwantar da ni rigingine, sosan wuyan ya tallafe ƙeyata, haɓata ta tsaya sama da ruwa. A nan na ga amfanin igiyar nan da ke ratsawa tsakanin cinyoyi, wadda kowa ke jin kunyar ɗaurawa. Da na kwance ta na sake gwadawa, rigar ta hau har kunnuwana, ni kuma na zame ƙasa a cikinta. Duk wanda zai saya ya duba wannan igiya tun kafin ya tambayi farashi. Maɓallan roba ne masu kauri, suna kamawa da ƙara, har yau babu wanda ya tsage. Akwai usur ɗaure da zare, da kyallaye masu ƙyalli a kafaɗu waɗanda tocila ke kamawa daga nesa.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Zafi gare ta. Da rana tsaka gumi har cikin wando. Ba ta zama daidai a kan babbar riga, dole sai ka cire ka ninke, kuma gara haka, don babbar riga a ruwa ɗaure ƙafa take yi. Idan na karɓi filafili don in taimaka da tuƙi, sosan yana goga mini hammata. Ba ta da aljihu ko ɗaya, ga kuɗin ciniki ga waya, sai da na sa tela ya ɗinka mini jakar leda ta ɗamara. Zik ɗinta kuma yashi na cije shi, sai ana wankewa. Abu guda da mai shagon ya gargaɗe ni a kai, kuma gaskiyarsa: kada a mayar da ita matashin zama, kada a bar ta tana gasuwa a rana, domin soson da ya lotse ya rasa ƙarfinsa.

Abin da ya fi damuna ba a jikin rigar yake ba. Sau tari ni kaɗai ne mai ita a cikin jirgin da ya cika da mata da goyo, da buhunan shinkafa, da babura biyu a kwance. Babu fitila, babu igiyar jefawa, abin kwashe ruwa rabin jarka ne guda ɗaya. Wani dattijo mai fito da nake ganin girmansa ya taɓa ce mini, "Alhaji, a ruwan nan aka haife ni, me zan yi da soso?" Na ce, "Baba, kai ka iya ruwa. Waccan baiwar Allah mai goyo fa?" Bai amsa ba, amma bai ji haushi ba. Sanin ruwa da suke da shi gaskiya ne, taswirarsu tana cikin kansu. Sai dai tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya cika ko duhu ya yi, ido ba ya ganinsu komai ƙwarewa.

Mun kuma ga sakamakon. A watan Mayun 2021 wani jirgi a yankin Warrah na ƙaramar hukumar Ngaski ya rabe a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, kaɗan ne suka fita. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki da dare suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara. A Bagwai ta jihar Kano, a ƙarshen Nuwamban 2021, yawancin waɗanda ruwa ya ci yara ne 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto, amma a ƙananan mashayu da nake bi babu mai tsayawa ya duba. Rai a hannun Allah yake, na yi imani da haka, kuma Shi ne ya hore mana abin kariya.

Rigar ba za ta hana jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima kifewa ba. Shi ya sa yanzu idan na ga bakin jirgi ya kusa sumbatar ruwa nake sauke kayana in jira na gaba, kuma ba na shiga bayan la'asar sakaliya. Idan jirgin mai rumfa ne, a gefe nake zama, domin wanda jirgi ya kife a kansa yana ƙarƙashin rumfa, soson zai manna shi ne a sama ya hana shi fita.

Ga mai fito, da masunci, da duk wanda kasuwarsa ke tsallake, ina ba da shawarar wannan ta 100N mai wuya da igiyar cinya. Mai arahar nan marar lamba a bar ta a shagon. Kada kuma a sa wa yaro ta manya, zamewa zai yi ya fita ta ƙasa. Ta yara da nauyinsu ake auna ta, kilo nawa zuwa nawa, a rubuce a ciki. Mai shagon ba shi da ƙanana, na ba shi kafin alƙalami na guda biyu ya taho mini da su daga Onitsha.