Aikin fulamban da muka kira saboda tarin Baba

Baba ya sha maganin tibi wata 6 ya warke, amma huhunsa bai koma daidai ba. Da tari ya dawo bara, an yi gwajin GeneXpert na gano tibi bai nuna komai ba, sai da aka shuka kakinsa a ɗakin gwaji sannan likita ta ce dangin ƙwayar tibi ce, wadda ake kira NTM. Ba a wurin mutum ya ɗauka ba. A ruwa da ƙasa take zama, cikin yauƙin nan da ke liƙe a bututu da kan shawa, kuma kulorin da ake sa wa ruwan famfo bai cika kashe ta ba. Feshin ruwan da mutum ke shaƙa lokacin wanka yana cikin manyan hanyoyin kamuwa da ita.

Shi ya sa na ɗauko wani fulamba nan Tudun Wada, Gusau, wanda maƙwabcinmu ya yaba mini. Mun yi da shi ƙarfe 8, bai iso ba sai bayan azahar. Wannan kam halinsu ne.

Amma fa hannunsa na da kyau. Ya hau saman tanki ya zubar da ruwan, ya goge cikinsa da buroshi har ƙasa, laka ta fito kamar kunun kanwa. Da ya kwance kan shawar Baba ya miƙo mini, na sa yatsa ciki na ji santsi, ga wani baƙi-baƙi duk ya toshe ramukan. Shekara nawa tsohon nan yana tsayawa ƙarƙashin wannan abu! Na ce a jefar. Ya je Tsohuwar Kasuwa ya samo mai manyan ramuka, wanda ke zubo ruwa kamar na indararo, ba ya tada hazo. Ya kuma buɗe tagar banɗakin da fenti ya liƙe tun ginin gidan, bai ƙara ko sisi ba.

Inda muka sha bamban shi ne hitar ruwan wanka. Ina juyawa ya rage zafinta, wai "Alhaji, mitarku ta huta." Na ce a'a, mayar. Ruwa mai ɗumi-ɗumi shi ƙwayar ke so. Likita ta ce a bar hita a digiri 55 ko sama, a riƙa surkawa a bokiti. Sannan ya dage sai na sayi matatar ruwa mai gawayi da yake sayarwa. Ita gyara ɗanɗano take yi, amma tana cinye kulorin, ƙwayar kuma ta samu wurin hayayyafa a cikinta. Da na ƙi, sai da ya ɗan ɓata rai.

Na biya naira 25,000 har da kayan, kuma zan sake kiransa wankin tanki. Sai dai duk mai marar lafiyar huhu a gida ya tsaya a kan fulamban, don shi in ruwa ya fito garau, aiki ya ƙare.

Yanzu ruwan shan Baba sai ya tafasa minti 10 cur a tukunya, tunda butar lantarki tana kashe kanta da zarar ya fara ɓararraka. Kan shawar kuma duk wata ina jiƙa shi cikin Hypo rabin awa. Shi Baba ma ya koma wankansa na bokiti da moɗa, ya ce da ma shawar mu muka ƙaƙaba masa.