Gina Perl a kan Solaris da AIX: inda kowanne yake ba da wahala

Wani ɗan'uwanmu ya aiko da tambaya, ya ce a wurin aikinsu akwai sabar guda biyu, ɗaya SPARC mai Solaris 10, ɗaya ta IBM POWER mai AIX 7, duka biyun tsarin Unix ne. An ɗora masa gina sabon Perl, wato harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a kan kowacce saboda wasu rubuce-rubuce da ke magana da rumbun bayanan Oracle. Yana so ya san wanne zai fi wahalar da shi, kuma da wane kwamfaila (shirin da ke mai da rubutun C ya zama shirin da inji zai tayar) zai yi aikin: gcc na GNU, ko na kamfanin da ya ƙera injin, wato Studio a Solaris, xlc a AIX.

Malam, AIX ne zai fi cin lokacinka. Matsalolin Solaris kusan duk suna fitowa tun kafin a fara gini, kuma da zarar ka gyara PATH, wato jerin foldojin da ake neman umarni a ciki, rabinsu sun kau. Na AIX suna jira ne sai an zo haɗa fayiloli da lokacin loda shirin, wani sa'in ma sai bayan an shigar da shi an fara aiki.

Amma kafin komai, kada ka taɓa Perl ɗin da ya zo da injin. Na Solaris 10 shi ne 5.8.4, yana zaune a /usr/perl5, kuma umarni irin su `kstat` da `projadd` da shi aka rubuta su. Na AIX yana /usr/opt/perl5, daga kunshin perl.rte, kayan tsarin suna dogara da shi. Naka ya tafi wani wuri daban, misali `-Dprefix=/opt/perl5`.

Abu na biyu da za ka yanke tun yanzu shi ne bit 32 ko bit 64, kuma ba kai ne mai zaɓi ba, laburaren Oracle ne. Je ka duba laburaren, sunansa libclntsh, da ke kan injin. In na 64 ne, Perl ɗinka da kowane laburaren da zai ɗauka dole su zama na 64. In ka saɓa, Solaris zai ce maka `wrong ELF class: ELFCLASS64`, AIX kuma ya ce `0509-103 The module has an invalid magic number`. Cuta ɗaya ce. Maganinta sake gini daga farko.

Yanzu kayan aiki. A Solaris 10 akwai wani `cc` a /usr/ucb wanda ba kwamfaila ba ne, ƙaramin rubutu ne kawai da zai amsa maka da `language optional software package not installed`. In /usr/ucb ya riga sauran a PATH, Configure, rubutun da ke shirya ginin Perl, zai kama shi ya tsaya. Cire /usr/ucb daga PATH gaba ɗaya. Su `ar` da `ld` da `make` suna /usr/ccs/bin, wanda ba ya cikin PATH na yawancin masu amfani, shi ya sa ake ganin `ar: not found` a tsakiyar gini. Gcc 3.4.3 da `gmake` da `gtar` suna /usr/sfw/bin. Da `gtar` za ka kwance kunshin, domin `tar` na Solaris yakan datse dogayen sunayen fayil ba tare da ya yi wata hayaniya ba, sai daga baya gwaji ya riƙa neman fayilolin da ba su nan. Kuma kada ka yi gini a /tmp: a Solaris /tmp daga memori da swap yake ci, duk abin da ka zuba masa injin ka rage wa.

A AIX ba a ɓoye kayan ba, sau da yawa ba a shigar da su ba ne. Fara da `oslevel -s`, sannan `lslpp -l "bos.adt.*"`. Kana buƙatar bos.adt.base da bos.adt.include da bos.adt.libm. Na ƙarshen nan shi aka fi rasawa, alamarsa `0706-006 Cannot find or open library file: -l m`, kuma dole ka shigar da wanda ya dace da matakin AIX ɗin da ke kan injin. Gcc da gmake da bash suna zuwa daga AIX Toolbox, suna sauka a /opt/freeware. /tmp na AIX kuwa ƙarami ake yin sa, kwamfaila kuma can yake zuba tarkacensa, saboda haka ko a ƙara shi da `chfs -a size=+1G /tmp` ko ka mai da TMPDIR wani wuri mai fili. Sai /etc/security/limits: iyakar `data` ta asali 262144 ce, a ƙidayar tubali mai bayit 512, wato megabayit 128. Gwajin Perl yakan wuce haka ya faɗi da kukan ƙarancin memori alhali injin cike yake da ita. A mai da iyakar -1, wato babu iyaka, ga mai yin ginin, ya fita ya sake shiga.

Batun 64 a Solaris tuta ɗaya ce, `-m64`, kuma gcc da Studio daga na 12 duk sun san ta; tsofaffin Studio `-xarch=v9` suke so. Ka ba Configure `-Duse64bitall` zai saka da kansa. A AIX kwamfaila kaɗai bai isa ba. `-q64` ga xlc ko `-maix64` ga gcc suna fitar da fayil na 64, amma `ar` da `nm` da `dump` suna nan a kan 32 har sai an gaya musu, sai ka ga `0707-126` yana cewa fayil ɗin bai dace da yanayin da ake ciki ba. Yi `export OBJECT_MODE=64` kafin Configure, kuma ka tuna da shi duk ranar da za ka ƙara wa Perl wani modul, wato ƙarin kunshin aiki, ko bayan shekara ne. In dole ta sa ka tsaya a 32 a AIX, shirin yana samun yankin memori ɗaya ne na megabayit 256 sai an haɗa shi da `-bmaxdata:0x80000000`, wanda ke kai shi gigabayit 2. `dump -ov` a kan perl ɗin zai nuna maka abin da aka rubuta a maxDATA.

Inda injinan biyu suka rabu da gaske shi ne laburaren da ake lodawa. Solaris da tsarin fayil na ELF yake amfani kamar Linux, abin da ka sani a can zai yi maka aiki a nan. Ka rubuta hanyar laburare a jikin shirin da `-R`, ka duba da `ldd` da `elfdump -d`. Kuskuren da aka fi yi da gcc shi ne gini ya kammala lafiya, sannan shirin ya ƙi tashi don bai ga libgcc_s.so.1 ba, na 64 yana /usr/sfw/lib/sparcv9, a saka wannan a `-R`. Kada ka toshe ramin da LD_LIBRARY_PATH, domin aikin da cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, zai tayar da tsakar dare ba zai gaji abin da ka saka a shel ɗinka ba. In kuma ka ga `relocations remain against allocatable but non-writable sections`, wani laburare ne, sau da yawa OpenSSL ko zlib, aka gina ba tare da `-fPIC` ba, ko `-KPIC` in Studio ne.

AIX kuwa XCOFF ne, tsarinsa daban. Fayil mai ƙarewa da .a yana iya zama laburaren lodawa, da na 32 da na 64 duk a ciki ɗaya, kamar shr.o da shr_64.o a cikin libc.a, `ar -X32_64 -tv` ne zai nuna maka cikinsa. Linka, wato `ld` mai haɗa fayiloli, ba ya fitar da sunayen ayyuka haka kawai, sai an ba shi jerinsu. Shi ya sa Perl yake ƙirƙirar perl.exp ya ajiye a foldar CORE, kowane modul kuma ya haɗu da shi ta `-bI:`. In wannan fayil ya ɓata ko aka ɗauko na wani Perl, `0711-317 ERROR: Undefined symbol` za ka gani jere. Akwai kuma teburin adireshi da ake kira TOC mai iyakar bayit 65536; babban modul ya cika shi sai `0711-781 ERROR: TOC overflow`, a ƙara `-bbigtoc` wa linka.

Wanda ya fi ɓata wa mutane rai shi ne hanyar laburare. In ba ka ba da `-blibpath` ba, linkan AIX yana kwashe duk foldar da ka ba shi ta `-L` ya rubuta a jikin shirin, har da foldar da ka yi gini a ciki. Shirin zai yi aiki lafiya har ranar da aka share ta. Ka ba da `-blibpath` da kanka, kuma ka ƙare shi da /usr/lib:/lib, in ba haka ba ko libc ba zai gani ba. `dump -X64 -H` zai nuna abin da aka rubuta. Ka kula da jerin ma: akwai libiconv.a a /usr/lib, akwai wani a /opt/freeware/lib, suna ɗaya amma abin da ke ciki daban. In na farkon ya riga, kayan Toolbox za su mutu da `0509-152 Member libiconv.so.2 is not found in archive`. LIBPATH da aka saka wa kowa a /etc/profile shi ne yakan jawo wannan. Sannan AIX yana riƙe laburaren da aka taɓa lodawa a memori ko bayan shirin ya fita, sai ka sake gini ka ga gyaranka bai kama ba, ko shigarwa ta ƙi rubutu a kan fayil ɗin. Mai root ya buga `slibclean`. Solaris ba shi da wannan hali.

To, gcc ko na kamfani? Abin da za ka riƙe shi ne Perl yana haddace kwamfailan da aka gina shi da shi da duk tutocinsa. Umarnin `perl -V:cc` da `perl -V:ccflags` za su karanto maka. Kowane modul mai C da za a ƙara nan gaba da su za a gina shi. Wannan ne ya sa mai ƙoƙarin ƙara modul a Perl na Solaris da gcc yake cin karo da `unrecognized option -KPIC` da `language O3 not recognized`, har kamfanin Sun, wanda ya ƙirƙiri Solaris, ya tanadi `perlgcc` domin haka. A AIX kuma `cc_r: not found`. Don haka tambayar ita ce wanne ne zai kasance a kan injin nan da shekara uku, ba wanne ya fi sauri yau ba.

A Solaris duka biyun suna yi. Studio ba ya jawo libgcc_s, gcc 3.4.3 kuma ya tsufa ƙwarai ga sababbin laburare. In Studio yana kan injin, shi za mu ɗauka. A AIX xlc na kuɗi ne. In kuna da lasisinsa kuma zai zauna, shi ya fi sauƙi, amma ka kira shi da `xlc_r` in za ka saka `-Dusethreads`, domin mai `_r` ɗin ne ke kawo tutoci da laburaren da zaren aiki ke buƙata. In lasisin gwaji ne da zai ƙare, kada ka fara. Yi da `-Dcc='gcc -maix64'`, ka bar `as` da `ld` na AIX su yi aikinsu, kada na GNU su riga su a PATH. Lahanin gcc a nan shi ne yana ajiye kwafin wasu fayilolin .h na tsarin da ya gyara wa kansa. Bayan an ɗaga matakin AIX sukan saɓa da na /usr/include, sai kurakurai su taso daga fayilolin da ba ka taɓa ba. A sake shigar da gcc da ya dace da matakin.

Kada ka tsallake gwaji a ko ɗaya. SPARC ba ya yafe karanta lamba daga adireshin da bai daidaita ba, nan take yake kashe shirin da `Bus Error`, abin da x86 yake wucewa shiru. A POWER kuma `char` ba shi da alamar ragi a asali, lambar C da ke jiran -1 daga gare shi 255 za ta samu. Perl kansa ya san da waɗannan, modulolin waje ne sukan faɗi. In SPARC ɗin na jerin T ne, kamar T2 mai cibiya 8 da zare 64, kowane zare shi kaɗai a hankali yake tafiya, saboda haka yi `gmake -j16`, gwajin kuma `TEST_JOBS=16 gmake test_harness`. A AIX duba `lparstat -i` tukuna: in rabon da aka yanka wa yankinku na injin bai kai cibiya ɗaya ba kuma an ƙayyade shi, ƙara `-j` ba zai rage maka ko minti ɗaya ba.